Shekarar da Talja Ta Hau Benenmu

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da Ya ja mini kwana har na ga jikoki sun yi gemu. Ni ban yi boko ba, allo ma abin da zan yi salla da shi kawai na samu. Jikata Ruƙayya ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na ce mata duk inda magana ta karkace ta bar mini ita a karkace. Abin da ya sa na zaunar da ita yau, na ji abin da ake gaya muku a gidajen suna da na biki, wai kakarku ta zaɓi kare ta bar mutane. To, kare kam an yi, mace ce, sunanta Talja, kuma ta hau benenmu ta zauna har ƙarshen kwananta. Sai dai ku natsu ku ji yadda aka yi ta hau.

Baban Ruƙayya shi ne ɗana na fari. Ku da aka haifa a Jiddan yanzu, kuna faɗawa jikin iyayenku mata kuna ya ummi, ya ummi, da wuya ku gane abin da zan faɗa. Mu yadda muka tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Uwata da ta sauko da ni daga jirgin ruwa ina goye a bayanta, ta baro Kano amma ba ta baro wannan ba, ni kuma daga hannunta na karɓa. Da aka yaye shi surukata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma a unguwar Hindawiyya, ƙofarta na kallon tawa. In zan aike shi sai in ce, kai, ko in ce wa ƙannensa, ku gaya wa wancan. In ya yi zazzaɓi in dafa magani in ba wata ta kai masa, in tsaya a bayan labule ina sauraron tarinsa. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma da ita ake yabon mace a zamaninmu.

Ya girma ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa injin da ke ɗaga kaya. Ya yi aure, aka haifi Ruƙayya, uwarta ta rasu tana ƙarama, Allah Ya jiƙanta. Sai ga shekarar da muka tashi daga Hindawiyya. Maƙwabtan da muka tsufa tare kowa ya kama gabansa, mu muka sami ɗan gida a Waziriyya mai ɗaki ɗaya a saman bene, shi ya zama nasa. A wannan shekarar kamfanin da yake wa aiki ya rage mutane, yana cikinsu. Ashe tun yana aiki ya saba da ƙwayar nan da direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su. Da aikin ya tafi, ita ba ta tafi ba. Ba zan faɗi abin da idona ya gani ba, 'yarsa ce ke rubutu. Ƙannensa suka kai shi asibiti, ya daɗe, ya fito kamar an wanke tsumma an shanya. Likita ya ce musu jiki ya warke, abin tsoro yanzu shi ne gari ya waye mutum ba shi da abin da zai tashe shi. Haka kuwa aka yi. Rana ta take, ƙofarsa a rufe. Wata mota ta riƙa zuwa bakin layi da la'asar tana hon, na san tsofaffin abokan nan ne. Ni ga ni uwa, ga baki, amma ban san ta inda ake fara magana da ɗan fari ba.

A lokacin sana'ata masa da kunun gyaɗa. Duk Juma'a gidana cike yake da mata, wasu su saya, wasu su zauna a yi hira da Hausa har magariba. Abokiyar suyata Hajiya Ladidi ce, mutuniyar Sudan, tun muna amare tandarta ke kusa da tawa. Wata Juma'a muna suya sai ga shi ya shigo da wanka da farar riga, ya durƙusa ya gaishe ta, don ita yana iya hira da ita.

"Hajiya, na sami shugul, aiki ya samu."

"Alhamdu lillahi! Ina, ɗana? Tashar jirgin ce suka neme ka?"

"A'a. Wani Abu Nayif ne, yana da gidan hutu can arewa da gari. Karnukansa zan riƙa fitarwa gudu."

Ladidi ta ajiye cokalin juya masa.

"Gudu? Wa ya kore su?"

Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun muna Hindawiyya. Ni ban ɗago kai ba, na ci gaba da zuba ƙullu, amma kunnena na wajensa. Ya ce irin karnukan nan haski ake ce musu, asalinsu ƙasar ƙanƙara, can suke jan mutane da kaya a kan abin da ba shi da taya. Masu hali suka kawo su Jidda don kyansu, suka sa su a ɗakin sanyi, sai karnukan suka riƙa cinye kujeru suna haƙe tsakar gida, don jininsu na ja ne, in ba su ja ba hauka suke yi. Shi ne masu su suka haɗa kai, tunda babu ƙanƙara, a ɗaura musu keke. Akwai mai ƙafa uku da karnuka da yawa ke ja, akwai wanda ba shi da wurin zama, a tsaye ake hawansa. Wanda ba shi da keke ya ɗaura igiya a ƙugunsa, kare na gaba yana ja, shi yana bi da gudu.

"Ikon Allah," in ji Ladidi. "Mu a garinmu jaki ke wannan wahala. Su kuma nan sai da suka sayo mai tsada."

Abin da ban gane ba a ranar, sai daga baya, shi ne lokacin aikin. Waɗannan bayin Allah gashi biyu gare su, na sama da na ƙasa, rana kuwa ta Jidda kun san ta. Ba a fitar da su sai kafin hantsi, da zarar ƙasa ta ɗauki zafi an tashi. Ya ce yakan ɗora bayan hannunsa a ƙasa, in shi bai iya jurewa ba, to ƙafarsu ma ba za ta iya ba. Saboda haka dole ya kwanta bayan lisha, dole ya tashi kafin kiran salla. Ya yi asuba a masallacin hanya, ya ba su ruwa, ya ɗaura musu ɗamarar ƙirji, kafin rana ta yi ƙarfi sun je sun dawo. Motar bakin layi ta yi hon ta gaji. Na ga wuyansa ya fara cikowa, na ga yana cinye tuwo har ya nemi ƙari. In ya dawo sai ya zauna a tsakar gida yana ba Ruƙayya labari da ƙarfi, yadda zan ji daga ɗaki. Kullum labarin bai wuce Talja. Ita ce jagora, ita ake sa wa a gaba, sauran na bin ta. Da Hausa ya koya mata, in ya ce dama ta yi dama, in ya ce hagu ta yi hagu, in ya ce tsaya ta kafe. Ruƙayya ta nuna mini a waya. Na ga ɗana a tsaye a kan keke, iska na kaɗa rigarsa, ƙura na tashi, a gaba wata fara mai toka-toka, idonta ɗaya shuɗi kamar bular wanki, ɗayan ruwan zuma. Na mayar mata da wayar.

Wata rana ya bar wasu 'yan safa a kan tabarma, ƙanana kamar na jinjiri, duk sun yage. Ruƙayya ta ce na karnukan ne, tsakuwar hanya ke yanka musu tafin ƙafa. Na ɗauka na juya su, na ga ɗinkin banza ne. Ina da wani tsohon tamfol mai kauri, na yanka, na ninka ƙasan, na ɗinka da zaren da nake ɗinke buhu, na ajiye a bakin ƙofarsa. Washegari ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya.

"Ruƙayya, wanda duk ya ɗinka safar nan, Allah Ya saka masa da alheri."

"Amin, Baba. Zan gaya masa in na gan shi."

Haka muke magana ni da shi, ta bakin yarinya, har sanyin wannan shekara ya wuce.

Da zafi ya kunno kai, Abu Nayif ya sami canjin aiki zuwa wata ƙasa. Mutumin kirki ne, ya raba ƙananan karnukan ga abokan wasansu, kowa ya ɗauki wanda yake so. Talja ta fara manyanta, ga shi ba ta jin maganar kowa sai ta mutum ɗaya, ba wanda ya miƙa hannu. Ya ce wa baban Ruƙayya, in kana so taka ce, in ba ka da wuri zan nemi inda za a ajiye ta. Ya dawo gida ya zauna a kan matakala. Aka kai masa abinci ya huce a gabansa. Bai roƙe ni ba, ya san gidan abinci ne, ya san mu da kare. Kwana ya bi kwana, ƙofarsa ta koma rufewa har rana ta take. Ran nan da la'asar na ji hon ɗin nan a bakin layi, na ji ya buɗe taga. Bai fita ba. Amma ya buɗe tagar.

Na yafa abayata na tafi wajen Malam Haruna, limamin da muka taso da shi daga tsohuwar unguwa. Na zayyana masa komai, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

"Hajiya," ya ce, "abin da muka karanta, ana ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko gadi. Wannan taku me za ta yi?"

"Gadi, Malam."

"Irinsu na ji ko haushi ba sa yi. Ɓarawo ma wasa za ta yi da shi. Me za ta tsare?"

"Yaron nan za ta tsare mini."

Ya ja carbinsa. Can ya ce shi ba zai ce mini farilla ba ne, ba kuma zai ce na yi saɓo ba. In zan yi, ta zauna a sama, kada ta shiga inda ake salla da inda ake girki, kwanonta daban, kuma wanda ya ɗauki rai ya ajiye, to haƙƙin ran na wuyansa, kada a bar ta da ƙishi ko zafi. Wannan ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Ɗakin saman bene da rana tanderu ne, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyin kirki kuwa ɗaya ne a gidan, yana ɗakina, nan mata ke zama ran Juma'a. Na dawo na tarar da shi a kan matakala, na wuce shi, na tsaya a tsakar gida.

"Ruƙayya, gaya wa babanki ya nemo mai gyara a cire mukayyif ɗin ɗakina a kai sama. In an gama ya je ya ɗauko ta."

Ruƙayya ta buɗe baki za ta maimaita, ya ce, "Halas, na ji." Na shige ɗaki.

Juma'ar da ta biyo, mata sun cika ɗaki suna fifita da gefen mayafi, ana tambayar ina sanyin ya tafi. Ladan ya ɗaga murya, sai wani kuka ya sauko daga sama, dogo, siriri, kamar guɗar da ba a gama ba. Ladidi ta dube ni.

"Me nake ji haka?"

"Abin da kika ji."

"A gidan nan? Inda muke suya? Haba, ƙawata. Gashi fa ke tashi a iska, mutane a bakinsu za su sa. Kuma kin san abin da ake faɗa game da mala'iku da gidan da ke da kare."

"Na je wajen Malam."

"Malam ba shi zai ci masar ba." Ta rage murya, don ba mai son tozarta ni ba ce. "Ni abin da ya fi ba ni mamaki, a kan ɗan fari? Ke da ake misali da kunyarki a Hindawiyya? Yau ke ce kika tsaya a tsakar gida kina cire sanyin ɗakinki saboda shi, kowa na gani?"

Na ce mata, "Ladidi, kunyar na nan. Yaron nake so ya kasance yana nan shi ma."

Ta gama suyar ranar, don ba ta barin aiki a tsakiya. Da magariba ta wanke tandarta ta sa a jaka. Juma'a ta gaba ba ta zo ba. Sauran ma suka riƙa raguwa, yau wannan ta yi baƙi, gobe waccan ƙafa na ciwo. Masu aiko yara da kwano suka koma wani gida. Ban ga laifin kowa ba, da ni ce a waje wataƙila haka zan yi. Na jiƙa shinkafa na zubar, na sake jiƙawa na rabar, daga nan na kife tandata a saman kabad, tana nan har yau. Ni da Ladidi muna gaisawa a gidan rasuwa, ta tambayi ƙafata in tambayi idonta. Amma ba ta ƙara cin abin hannuna ba, kuma hirar Juma'a ta mutu a gidan nan. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ya yi mini ciwo, kada wani ya ce muku bai yi ba.

Wannan zafin na kwana da fanka, ƙuraje suka feso mini a wuya da baya. A sama kuwa aiki ya samu. Da zafi ba a ja, ba a gudu, amma ba a barin irinta ta zauna haka nan. Kafin asuba sai in ji ƙartar farcenta a ƙofarsa, ƙar, ƙar, ƙar, ba ta fasawa sai ya buɗe. Ya ɗaura igiya a ƙugu su zaga unguwa a hankali kafin mutane su fito. Ya dawo ya cika mata baho da ruwa da ƙanƙara ta shiga ta kwanta. Ya ɓoye busasshen nama a cikin kwalaye ta bi da hanci tana nema. Ya zauna ya taje ta, gashi na fita kamar ana shiɓar auduga, ya tattara a leda don kada ya sauko mini. Na taɓa cewa Ruƙayya ta tambaye shi me ya hana a aske ta ta huta, ya ce gashin nan shi ke tare mata rana, in an aske fatar ce za ta ƙone. Wani lokaci ya ari motar ƙaninsa ya kai ta bakin teku can nesa da mutane ta yi iyo. Motar hon ta dawo sau ɗaya, na ji shi ta taga yana cewa, "Ma'alesh, ba zan iya barin ta ba, wuta na iya ɗaukewa." Ba su ƙara zuwa ba. Ni ban taɓa shafa ta ba, ko sau ɗaya. Takan kwanta a saman matakala ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta tana kallona ina tsintar shinkafa, ni ma in kalle ta. Mun san juna.

Da sanyi ya dawo, waɗanda suka karɓi ƙananan karnukan suka rasa yadda za su yi da su, suka riƙa kiransa. Da haka ya zama shi ke koya wa karnukan mutane ja, shi ke koya wa masu su riƙon igiya. Sau ɗaya shi da Ruƙayya suka matsa mini na bi su. Aka ajiye mini kujera a bakin wata hanyar ƙasa, ga shayi a fulas, gari na yin fari. Na ga Larabawa da Turawa da wasu likitoci 'yan Nijeriya, har da 'yan mata da igiya a ƙugu a kan abaya, karnuka na ta tsalle suna kuka don a sake su. Ana ta kiran ɗana, ya kabtin, ya kabtin. Ya sa Talja a gaba don ƙanana su koya, da safar tamfol ɗina a ƙafarta. Ya ce, "Yalla!" Suka wuce ta gabana kamar iska. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce ƙura ce.

Ta yi shekaru tare da mu. Ta daina ja, ta daina hawa matakala sai ya ɗauke ta, amma ƙartar ƙofa ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Wani sanyi ta kwanta ba ta tashi ba. Ya naɗe ta a bargo ya kai ta bayan gari, kusa da hanyar da suke gudu, ya haƙa ya rufe. Ya dawo da ɗamararta a hannu, bai ci abinci ba, ya shiga ɗaki ya rufe.

Da asuba na farka kamar kullum, ina jiran ƙar, ƙar, ƙar. Shiru. Ladan ya yi kira ya gama. Shiru. Na zauna a bakin gado, maganar likitan nan ta dawo mini, gari ya waye ba abin da zai tashe shi. Ruƙayya na ɗakin mijinta a lokacin, babu bakin da zan ara. Na dafa bango na tashi, na hau matakala, na je ƙofarsa na tsaya. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ga ƙwanƙwasa ba za ta isa ba. Na buɗe baki na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina bayan labule, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar.

Ƙofa ta buɗe nan take. Yana tsaye da alwalarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa da ya fara furfura, takalmin gudu a ƙafarsa, igiyoyi a kafaɗa. Ya dube ni.

"Na'am, Inna," ya ce. "Ashe kin san shi."

"Salla za ta wuce ka."

"Yanzu zan fita. Daga can zan wuce, karnukan mutane na jira."

Ya bi ta gefena ya sauka, na ji ƙarar ƙofar waje, na ji takunsa har ya ɓace. Na koma na shimfiɗa dardumata.

Ruƙayya ta ɗago kai tana tambayata ko ta rubuta sunan a nan. A'a, 'yar nan, bar wurin haka. Kun san shi ai. Sau ɗaya na faɗa, kuma mai shi ya ji.